Haƙorin Goyo

Da kakar da nake goyon fari, haƙori ya fito mana mu biyu, ni da yaron. Nasa 'yan ƙanana ne a ƙasa, farare kamar tsakin shinkafa. Nawa kuwa can ƙuryar baki yake, ɓangaren hagu, bayan turmin ƙarshe, inda ban taɓa sanin akwai sauran wuri ba. Da farko da harshe nake jin sa, wani ɗan tsini a ƙarƙashin dasashi. Daga baya naman wurin ya kumbura ya rufe rabinsa, abinci ya riƙa shiga ƙarƙashi yana maƙalewa. Tsinke ba ya kaiwa, asuwaki ba ya kaiwa.

Ni 'yar Ƙanƙara ce, aure ya kai ni wani ƙauye a bayan Daudawa, gidan manoman masara da auduga. Ba mu da yawa a gidan. Daga maigidana sai mahaifiyarsa, wadda muke ce wa Inna, sai Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifinsa. Ita Gwaggo daga wani ƙauye na wajen Sabuwa ta taso lokacin da zama ya gagara saboda mutanen daji, ta zo da ƙullin kayanta da akuyarta ta zauna wurinmu.

A gidan nan an riƙe kunyar ɗan fari yadda aka gada. Ba na kiran sunan yaron, ba na yi masa wasa a gaban mutane. In ya yi kuka ina tsakar gida, sai in ci gaba da abin da nake yi har Inna ta ce, "Ke, ba ki ji mijina na kira ba?" Haka take ce masa, irin wasan kaka da jika. Sannan in ɗauke shi kamar an tilasta ni, in shiga ɗaki in saki labule. A bayan labulen nan kuwa babu gaɓar jikinsa da ban sani ba. Na san lanƙwasar cinyarsa, na san kukan yunwa, na san na rigima. Dama ni mai tsoro ce tun ina yarinya, da na haihu sai tsoron ya tattara gaba ɗaya ya koma kansa.

Ranar da kuncina ya fara tashi, Gwaggo ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta ce in buɗe. Ta leƙa, ta waiwaya ta dubi yaron yana kan tabarma yana tsotsar ƙafarsa.

"Yaya, zo ki gani," ta kira Inna. "Haƙorin goyo ne. Shi ya sa ɗan nan ya yi haƙora ba zawo ba zazzaɓi. Uwar ce ta ɗauke mashi."

"Ikon Allah," in ji Inna.

"A wajenmu in mace ta yi irin wannan ba a taɓa shi. In aka cire, ciwon kan mai shi yake komawa."

Maganar nan ta yi mini daɗi ƙwarai. Abin da aka hana ni faɗa da baki, ga shi ya fito mini a kunci kowa na gani. Matan maƙwabta in sun shigo sai Gwaggo ta nuna ni, su ce, "Sannu, Allah ya ba da lada." Ni kuma in sunkuyar da kai, ina jin zugin har cikin kunne, ina cewa a raina ai gara ni da shi.

An yi mini magunguna. Inna ta daka kanumfari na cusa, na kurkure da ruwan ɗumi da gishiri, wata ta kawo turare a auduga wanda ya saluɓe mini fatar baki. Har mai cire tsutsar haƙori maigidana ya ɗauko ran kasuwa. Ya zauna a zaure ya zuba wasu 'ya'yan itace a kan garwashi, ya ce in buɗe baki hayaƙin ya shiga, ya tara kwanon ruwa a ƙasa. Da ya gama ya nuna wa kowa wasu farare sirara a cikin ruwan, aka yi ta salati. Ni ma na duba. Ko ɗaya ba ta motsi, kuma sun yi kama da cikin 'ya'yan da ya ƙona.  Kafin magariba ciwon ya dawo inda yake.

Sai bakin ya fara ƙin buɗuwa. Yatsa ma da ƙyar yake shiga. Tuwo ya gagara, na koma koko mai ruwa-ruwa ina zuƙa ta gefe. Haɗiya kanta ta zama aiki, har ruwan sha na rage.

A nan na fara ganin abin da ya fi haƙorin tayar mini da hankali. Da can in yaron yana shan nono ɗaya, ɗayan zuba yake har ya jiƙa mini riga. Wannan ya tsaya. Sai ya kama ya ja, ya ja, ya saki, ya buge ni da ɗan dunƙulensa, ya yi kuka, ya sake kamawa. Zanen goyon da nake sauyawa a kai a kai saboda fitsari, sai in yini da shi a bushe. Akwai wani baƙin zare da Inna ta ɗaura masa a wuyan hannu, da can nitsewa yake cikin tsoka, yanzu ya fara yawo.

To wa zan gaya wa? In na ce yaron ba ya ƙoshi, na nuna ke nan ido na sa masa, kuma na ce wa manya ba su gani ba. Na juya maganar a raina ta kowace fuska, ban samu inda zan kama ta ba sai wuri ɗaya. Da maigidana ya dawo daga gona na kai masa ruwa, na durƙusa.

"Malam, na gaza. Ka kai ni asibiti a cire shi."

"Ba ki ji abin da Gwaggo ta ce ba?"

"Na ji. Ni dai na gaza."

Shi ba mai yawan magana ba ne. Ya daɗe yana kallon kuncina, sannan ya tashi ya je wurin Inna. Ina ɗaki ina jin su, don Gwaggo ba ta iya magana a hankali ba.

"Ɗiyan zamani ke nan! Ciwon kwana nawa? Mu da muka haihu a bakin gona muka ɗauko itace muka dawo. Ta tahi, ai idonta ne. Jijiyar ido a gindin haƙorin nan take. Kuma da guduma suke fasa muƙamuƙi, wanda ya gani ya gaya mani."

"Ni ba idonta ne damuwata ba," in ji Inna. "Allurar da za su yi mata nono take bi. In an yi mata, mijina ya bar nono ke nan, ya dawo ɗakina."

 Yaron ko rarrafe bai iya ba. Na ga yaran da aka yaye da wuri a unguwarmu ta Ƙanƙara, na san yadda cikinsu ke tashi, gashinsu ya yi ja. In na bar haƙorin nono ya ƙafe, in na cire a karɓe mini yaro. Daga ranar kuma sunana ya sauya a bakin mata. Waɗanda suke yi mini sannu suka koma cewa raguwa, wai zan mayar wa jariri abin da ni babba na kasa ɗauka. Na ji zafin wannan, amma na bar su a haka.

Maigidana ya ce a je a duba tukuna, dubawa ba cirewa ba ce. Muka bi ayarin masu zuwa kasuwa, don hanyarmu ba a bin ta a ɗaiɗai, kuma dole a dawo da sauran rana. Babur ya kai mu bakin kwalta, muka shiga mota zuwa Funtuwa, yaron na bayana.

Likitar haƙorin mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta dubi goyona ta ce, "Ɗanki ne?"

Na yi shiru ina kallon ƙasa.

"Au, na fari ne. Yi haƙuri," ta ce tana murmushi.

Ta yi ƙoƙarin leƙawa, bakin ya ƙi. Ta tura aka ɗauki hoton muƙamuƙina, ta ɗaga shi a haske ta nuna mana. Ban taɓa ganin cikin kaina ba sai ranar. Haƙora a jere, kowa a tsaye, sai na ƙarshen nan a kwance, ya tokare na gabansa da ka.

Ta ce wannan haƙori kusan kowa yana fito masa bayan ya girma, maza da mata, wadda ta haihu da wadda ba ta taɓa aure ba. Ita nata tana makaranta ya fito. In ya zo a tsaye ya samu wuri, ba ruwan kowa da shi, har ta nuna 'yan'uwansa a sauran kusurwoyin bakina ta ce waɗannan a bar su su zauna. Maigidana ya yi tambayar ido, ta ce hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ya yi tambayar guduma, ta yi dariya ta ce ita ba maƙeriya ba ce. Amma ta ce ba za ta cire ranar ba, sai kumburin ya sauka baki ya buɗu. Ta rubuta magunguna, ta ce in na ji sauƙi kada in ɗauka an gama, tunda a kwance yake zai sake tashi.

Na jira maigidana ya fita karɓo maganin, sannan na matsa kusa da ita.

"Likita, allurar nan tana ɓata nono?"

"A dasashi ake yin ta, ta kashe wurin na ɗan lokaci. Ki shayar da shi a ranar, ko a kan bencin can na waje. Magungunan ma na masu shayarwa na zaɓa miki. Rashin ci da sha ne yake rage miki nono."

"In an cire, ciwon zai koma kansa?"

"Kan wa?"

Na yi nuni da haɓa zuwa bayana. Na zaci za ta yi dariya, ba ta yi ba.

"Haƙoransa nasa ne, naki naki ne. Yana iya yin zazzaɓi nan gaba, yara suna yi, in ya yi ki kai shi a duba. Amma ba daga bakinki zai fito ba."

Maganin ya yi aiki. Kunci ya sauka, baki ya buɗu, na ci tuwon masara da miyar kuka har na suɗe kwano. Nono ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Gwaggo ta ce ga shi nan, haƙuri ya yi rana, ba a cire ba kuma an warke. Maigidana kuma tsinkar auduga ta sha kansa, lokacin da likita ta ce mu koma ya zo ya wuce ba wanda ya tayar da maganar.

Wata safiya na tashi na ji wani ɗanɗano a ƙuryar bakina, gishiri-gishiri mai ɗan wari. Na san shi. Shi ne ya riga kumburin farko zuwa. In na bari bakin ya sake rufewa, likita ba za ta cire ba, a koma gidan jiya, alhali yaron bai gama mayar da jikinsa ba. Kuma wannan karon ba zan iya cewa na gaza ba. Fuskata a daidai take, kowa ya ga ina cin tuwo.

Da hantsi Gwaggo ta fita barka, ya rage daga ni sai Inna a inuwar rumbu muna ɓarar gyaɗa, yaron na zaune a tsakaninmu yana wasa da ɓawo. Na buɗe baki na rufe ya fi a ƙirga. 

"Inna."

"Na'am."

"Mijinki ba ya ƙoshi."

Hannunta ya tsaya. "Mi kika ce?"

"Tun kwanakin da bakina ya rufe. Nonon bai gama dawowa ba, ga shi ciwon zai sake tashi, na ji alamarsa. In ya sake rufewa, ɗan abin da ya rage ƙafewa zai yi."

"Ke yanzu a gabana kike wannan magana?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Ki dubi zaren hannunsa."

Ta ajiye gyaɗar hannunta. Sannan ta karkaɗe zaninta ta ɗauke shi. Ta sa yatsa a ƙarƙashin zaren, yatsan ya shige har da sauran wuri. Ta mintsini cinyarsa a hankali, ta ɗaga shi sama ta sauke kamar mai auna kaza.

"Kai, maigida," ta ce masa, "ashe da yunwa kake kwana a gidana ba ka faɗi ba." Ba ta dube ni ba ta ci gaba. "Na ga ramar. Na ce ko ta haƙori ce." Can kuma ta ce, "Shi ya sa kika ce kin gaza?"

Na ci gaba da ɓarar gyaɗa.

"Kika bar mu muna ta zaginki."

Ta ce za a je, kuma da ita za a je. Amma da sharaɗi: in an dawo, yaron ba zai kama nono ba sai an gwada. Gwajin kuwa sananne ne a wajenmu. A tatsa a ludayi a jefa tururuwa. In ta fita, nono lafiya lau, in ta mutu a ciki ya ɓaci. Na ce to. Amma ni mai wanke randa ce, na sha kwashe matattun tururuwa a cikin ruwan da kowa ke sha lafiya.

Ranar cirewar na shayar da shi a bencin asibiti kafin a kira ni, na miƙa wa Inna. Allurar kamar cizon cinnaka take, daga nan leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Ban ji zafi ba, sai dai dannawa da turawa, da wani ƙara a cikin ƙashi da ya sa na damƙe hannun kujera ina karanta duk addu'ar da na iya. An ɗan jima ana fama, don a kwance yake. Da ya fita ta nuna mini shi a faranti, gajere mai kauri, da baƙin rami a gefen da ya tokare ɗan'uwansa. Ta cusa mini auduga ta ce in cije. Kada in tofar, kada in kurkure, kada in sha abu mai zafi sai gobe, daga goben kuma ruwan ɗumi da gishiri a hankali.

Ina fitowa Inna ta tare ni ta ɗaga gefen gyalenta. "Wane launi ne wannan?"

Baki cike da auduga, na waiwaya na nuna mata ganyen darbejiyar da ke bakin ƙofa.

"To, ido dai shina nan," ta ce wa ɗanta.

A mota yaron ya farka ya fara nema. Inna ta ba shi ruwa ya ƙi, ta jijjiga shi ya ƙi. Yana ganina a gefenta yana miƙo hannu, ni kuma na juya fuska ina kallon gonakin dawa. Har muka sauka muka hau babur kuka yake, kafin mu isa gida muryarsa ta dusashe.

Mun ishe Gwaggo ta wanke ludayi tana jira. Inna ta ajiye yaron a kan tabarma ta ce kowa ya tsaya, ta zagaya bayan rumbu neman tururuwa. Shi kuma ya kifa da ciki yana ja da ƙirji zuwa wajena, kukan ma ba ya fita sosai. Na tuna maganar likita, na dubi ludayin nan. Rayuwar yaro guda, a rataya ta a kan ko ƙwaro ya iya iyo?

Ban shiga ɗaki ba, ban nemi labule ba. Nan tsakar gida na zauna a kan tabarmar, na ɗauke shi, na ɗaga hijabina na ba shi.

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo ta saki ludayi. "Yaya! Yaya, zo ki ga ɗiyar Ƙanƙara!"

Maigidana yana bakin zaure, nan take ya tuna akwai abin da zai duba a jikin babur.

Inna ta fito daga bayan rumbu riƙe da guntun kara, tururuwa na yawo a kansa. Ta tsaya cak. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiyar yaron da ajiyar zuciyar da yake yi tsakani. Ban ɗaga kai ba, ban kuma cire shi ba. Zuciyata na bugawa har a cikin ramin haƙorin.

"To ni kuma in yi yaya da wannan baiwar Allah?" in ji Inna, tana kallon tururuwar.

"A gwada duk da haka," Gwaggo ta ce. "In ya ɓaci a san abin yi."

Inna ta ɗauki ludayin ta ɗauraye, ta miƙo mini na tatsa kaɗan daga ɗayan. Ta kaɗa tururuwar a ciki. Ina gani ta karkata ludayin, ta kuma bar bakin karan a ciki. Tururuwar ta yi 'yan wutsil-wutsil, ta samu kara ta haye.

"Kin gani. Lafiya lau."

"Ai kara kika sa mata!"

"Yo ke da kika taso daga Sabuwa, da ƙafa kika zo? Ba mota kika hau ba?"

Dariya ta so kama ni, auduga ta hana.

Wurin ya yi mini tsami na 'yan kwanaki. Na sha fura mai sanyi, na koma kunu, na koma tuwo, kuma tun daga nan kuncina bai sake tashi ba. Da haƙoran yaron na sama suka zo fitowa ya yi zazzaɓi. Gwaggo kallona kawai ta yi, kallon da ya fi magana. Na goya shi na ce wa maigidana a kai mu ƙaramin asibiti, a gaban kowa na faɗa. Aka gwada jininsa aka ce na sauro ne, aka ba shi magani ya warware. Gwaggo dai har yau tana nan a kan bakanta, kuma muna zaune lafiya.

Na shayar da shi har ya yi tafiya, har ya iya zuwa da ƙafarsa ya ja mini zani in ina tuƙa tuwo. Da lokacin yaye ya yi, Inna ta goya shi da kanta ta kai shi ɗakinta, da ƙyar ta miƙe saboda nauyinsa. Ni kuwa sai da na yi kwana da kwanaki ina ɗaure ƙirji da zane kafin nonon ya yarda ya tsaya.